Shagon da ba a ciniki sai Alhaji ya zo

Wannan nazari ne a kan wani mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, cikin Fagge a Kano, da ɗansa namiji tilo, da yaran shagonsa uku. An sakaya sunayensu. Lamarin ya fito fili a 2021, aka yi ta fama da shi har ƙarshen 2024. Mutum ne ya tattara komai ya riƙe a hannunsa, har ɗansa ya girma bai iya tsayawa da ƙafarsa ba, yaransa kuma ba sa iya sallama turmi guda sai sun ji daga bakinsa.

## Asali

Alhajin ya haura shekara hamsin da biyar. Daga ƙauye aka kawo shi Kano yana ɗan shekara goma sha huɗu, aka damƙa shi hannun wani attajiri a Kwari. Ya yi shara, ya ɗauki dila a ka, ya kwana bakin shago yana gadi. Kafin ya cika ashirin maigidansa kan ɗaura masa kuɗi a ƙugu ya tura shi Legas ko Kwatano saro kaya shi kaɗai. Da lokaci ya yi aka sallame shi da jari. Ya fara da tebur, tebur ya zama shago, shago ya samu sito. Yawancin masu sayen kayansa 'yan sari ne daga Maraɗi da Damagaram da garuruwan gabas.

Akwai maganar da duk layin suka san shi da ita: "Wahalar da na sha, ɗana ba zai sha ta ba." Ɗan nan kuwa bayan mata huɗu aka same shi. Tsoron da uban ke ji a kansa yana da tushe. A shekarun da yaron ke tasowa shan maganin tari mai kodin ya yi wa matasa ɓarna, har gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi a watan Mayun 2018. Ƙwacen waya ya zama ruwan dare a unguwanni. Hanyar Kaduna zuwa Abuja ta koma abin fargaba saboda masu garkuwa da mutane. Don haka direba ke kai yaron makaranta ya ɗauko shi. Ranar rajistar JAMB babban yaron shago ne ya raka shi, shi ya bi layi, shi ya biya kuɗi. Gyaran waya, kai ɗinki wajen tela, biyan kuɗin makaranta, duk wani ake aikawa. In ya samu saɓani da wani, Alhaji ke zuwa ba da haƙuri. Yana shekara ashirin bai taɓa shiga motar haya zuwa wani gari shi kaɗai ba, bai taɓa taya kaya a kasuwa ba.

A shago dalilin ya bambanta. Shekarun baya wani yaronsa ya gudu da kuɗin kaya, kuma tun daga ranar Alhaji ya ɗaure komai. Uwar kuɗin kowane turmi, wato abin da aka saro shi, yakan rubuta ta a jikin takardar kamfani da wasu haruffa da shi kaɗai ya san fassararsu. Littafin bashi yana aljihunsa, makullin sito yana hannunsa, alat ɗin banki wayarsa yake shiga. Aikin yara su warware kaya, su ninke, su ɗaure, su faɗi farashin farko. Da mai saye ya taya sai a waiga a dubi Alhaji, in ba ya nan a kira waya. Babban yaron ya shekara goma sha ɗaya a shagon, yana da mata da 'ya'ya biyu, ba a taɓa kama shi da cin amana ba, amma bai san ribar da ake ci a turmi ɗaya ba. Ba wai Alhaji marowaci ne ba. Shi ke biya musu haya, shi ke kai su asibiti, shi ke sayen ragon suna. Sai dai in yaro ya yi kuskure, yakan yi faɗa ya karɓe aikin ya ƙarasa da kansa, kuma yaron ba ya sake taɓa wannan aikin.

## Daminar 2021: mako uku a kwance

Hawan jini ya kwantar da Alhaji, likita ya hana shi fita, ya ce a raba shi da waya. Kullum ana buɗe shago. Wata rana wani ɗan sari daga Maraɗi, wanda ya daɗe yana saye a wurin, ya zaɓi atamfa turmi arba'in ya taya. Babban yaron ya kira waya sau uku ba a ɗauka ba, ya ce sai dai a dawo. Baƙon ya ce, "Haba malam, shekara nawa kake shagon nan? Ba ka san kuɗin wannan ba?" Ya amsa, "Na san kuɗin da ake faɗa, ban san inda ake tsayawa ba." Mutumin ya tsallaka shagon da ke fuskantarsu ya yi sayayyarsa, kuma yaron ne ya taya ɗan dako ɗora masa kayan.

Cinikin makonni ukun bai kai na mako ɗaya ba. Ko kwabo bai yi ciwon kai ba, sai dai ba a sayar ba, ba a karɓi bashi ba, ba a saro ba. Abin da Alhaji ya fahimta shi ne in babu shi babu shago, don haka ya tashi tun bai warware ba ya koma kasuwa. Hajiya, matarsa, ce ta fara taɓo ɗaya gefen. Ta ce, "Alhaji, in ta Allah ta kasance fa? Wa ya san masu bin ka, wa ya san waɗanda kake bi?" Ya yi shiru.

## Fabrairu zuwa Oktoban 2022: zauna ka yi kallo

Ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba. Ɗan Alhaji, wanda ke karatu a jami'a a cikin gari, ya dawo zaman gida. Uban ya ga dama ta samu, ya sa aka ajiye masa kujera kusa da tasa ya ce ya zauna ya dinga kallo.

Bai bar shi ya ɗauki kaya ba. Bai tura shi sito ba, don ƙura. Yaran shago suna kiransa Alhaji ƙarami, suna sayo masa abinci. Sau ɗaya ya buɗe baki ya faɗa wa wata mata farashin leshi, uban ya katse shi a gabanta: "Hajiya yi haƙuri, yaro ne, bai sani ba." Daga nan bai ƙara sa baki a ciniki ba. Ya koma danna waya, ya fara zuwa bayan azahar, kafin damina ta yi nisa ya daina zuwa. Wata takwas suka wuce ya san sunayen zane-zane, amma in an miƙa masa shadda kala biyu ba zai murza ya gane mai kyau ba.

## Nuwamban 2022 zuwa Fabrairun 2023: saki gaba ɗaya

Wani maƙwabcin shago ya ce masa, "Alhaji, ka sake shi mana. Mu haka aka yi mana." Sai ya saki gaba ɗaya. Ya kama wa ɗan nasa tebur a wani layi, ya zuba masa kaya na kusan naira miliyan biyu, ya faɗa masa farashin da zai sayar. Bai faɗa masa uwar kuɗi ba, bai ba shi littafi ba, bai sa ranar lissafi ba. Yaron kan zo bayan lacca da ranakun hutu.

Abokan makaranta ne suka fara zuwa. Wannan ya ɗauki shadda yadi biyar ya ce zai turo, wancan ya ɗauki atamfar babarsa. Kunya ta hana shi tambaya. Ana cikin haka sai canjin kuɗi ya zo. Babban Bankin Najeriya ya sanar ranar 26 ga Oktoban 2022 cewa zai sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa 31 ga Janairu a matsayin wa'adi, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsabar kuɗi ta ɓace, ciniki ya koma tiransifa, manhajojin banki suka riƙa sarƙewa, kuɗi kan yi awanni bai shiga ba. A cikin wannan ruɗani wani mutum ya zo a matsayin mai haɗa lefe, ya zaɓi turmi ashirin, ya nuna shaidar turawa a wayarsa, saƙo kuma ya shigo wayar yaron. Ya saki kaya. Alat ɗin na bogi ne.

Bai faɗa wa uban ba, uwar ya faɗa wa. Ta ɗebi kuɗin adashenta ta ba shi ya rufe wani ɓangare. Da Alhaji ya gano, bai ce masa komai ba. Ya sa aka kwaso kaya daga sito bayan an tashi kasuwa aka cike teburin, da safe yaron ya tarar da shi kamar ba a taɓa ba. Sau biyu aka yi haka. Zuwa ƙarshen Fabrairu kusan kashi ɗaya cikin uku na jarin ya salwanta, aka rufe tebur. Uban ya yanke cewa yaron ba shi da kan kasuwa, yaron ma ya yarda da haka.

Akwai wata asarar da ba ta shiga lissafi ba. Babban yaron shago ya ga an miƙa wa wanda bai taɓa ɗaure dila ba abin da shi bai samu ba a shekara goma sha biyu. Bai yi ƙorafi ba, ya dai fara zancen komawa garinsu noma.

## Azumin 2023: an buɗe littafi

Mahaifiyar Alhaji ta daɗe tana jiran kujerar Makka. A 2020 da 2021 ba a karɓi mahajjata daga waje ba saboda annobar korona, a 2022 kuma Saudiyya ta taƙaita aikin ga waɗanda ba su kai shekara 65 ba. A 2023 aka ɗage wannan sharaɗi, kuma dole Alhaji ya raka ta. Tafiyar kusan kwana arba'in ce. Tunaninsa na farko ya kulle shago.

Cikin azumi, wanda ya kama a ƙarshen Maris, ya je wajen limamin masallacin layinsu don rubuta wasiyya kamar yadda maniyyata ke yi. Liman ya tambaye shi wa zai iya karanta littafin bashinsa in ba ya nan. Ya ce babu. Liman ya karanto masa aya ta shida a Suratun Nisa'i, inda aka yi umarni a jarraba marayu har su isa aure, in an ga shiriya a tare da su a miƙa musu dukiyarsu. Ya ce malamai sun bayyana jarrabawar da cewa a ba yaro ɗan abu kaɗan ya juya ana duba shi. Ya ce, "Alhaji, kai ba ka jarraba ba. Da farko ka hana, daga baya ka zubar." Sannan ya ba shi shawarar ƙiradi, wato mai jari ya ba wani kuɗi ya juya, su raba riba.

Abu na farko da ya yi shi ne wanda ya fi yi masa nauyi. Wani dare bayan tarawihi ya tara babban yaron da ɗansa a shago, ya ja ƙofa rabi, ya yago kwali ya rubuta haruffa goma, ƙarƙashin kowane harafi ya sa lambarsa. Babban yaron ya jawo turmin atamfar da suka fi sayarwa, ya bi haruffan da yatsa yana motsa leɓe. Ya ɗago ya ce, "Ashe Alhaji ɗan abin da ake ci a wannan ke nan?" Shekara da shekaru yana zaton riba ce mai kauri, shi ya sa yake ganin tsaurin maigidansa a ciniki kamar son kuɗi. Suka kwana biyu suna bin sito kala-kala, sannan aka kwafe littafin bashi zuwa wani da zai zauna a shago.

Aka shata wa babban yaron iyaka. Yana iya sallama kowane kaya muddin bai sauka ƙasa da uwar kuɗi da ɗan abin da aka tsayar a kai ba. Yana iya ba da bashi har turmi goma ga wanda sunansa ke cikin littafi kuma ba a bin sa tsohon bashi. Yana iya saro abin da ya ƙare. Ɗaukar yaro ko korarsa, sabon bashi mai yawa, da taɓa kuɗin ajiya, sai da Alhaji. Aka ba shi makullin sito da wayar shago mai nuna asusu, da doka ɗaya: kaya ba sa fita sai an ga kuɗi a cikin asusun, ba a saƙon waya ba. Aka yanka masa kashi ɗaya cikin goma na riba.

Ɗan kuwa aka sa shi ƙarƙashin babban yaron, a matsayin ƙaramin yaron shago. Ya yi shara, ya je sito, ya raka 'yan dako tasha. Aka daina ce masa Alhaji ƙarami. A gefe guda aka ƙulla ƙiradi tsakaninsa da uban a gaban liman, a kan naira dubu ɗari uku. Liman ya nace a ba shi tsabar kuɗi, don a mazhabar Malikiyya ba a ƙulla ƙiradi da kaya, kuma hakan ya tilasta wa yaron zuwa ya saro da kansa. Riba rabi da rabi. In an faɗi ba da sakaci ba, asarar kuɗi ta mai jari ce, amma ba a raba wata riba sai an cike gurbin jarin tukuna. In ya sayar bashi ba da izini ba, shi zai biya. Kuɗin makaranta da abincin gida suna nan, kuɗin kashewa kuwa aka tsayar.

Sai maganar Hajiya. Alhaji ya ce mata, "In kika cike masa a ɓoye kin rushe ni." Ta ce, "Kai ma ai ka cike masa a ɓoye." Suka yi alkawari su biyun.

Wata biyu kafin tafiya ya fara barin shago bayan azahar. A makon farko wayarsa ba ta huta ba. Amsa ɗaya ya riƙe: "Kai me ka gani?" In yaro ya faɗi ra'ayinsa kuma yana cikin iyaka, sai ya ce a yi. Bai iya riƙewa kullum ba. Akwai ranar da ya dawo ya warware cinikin da babban yaron ya riga ya sallama, kuma kiraye-kirayen da suka fara raguwa suka dawo sabo har mako guda. Kowace Asabar da yamma ana zaman lissafi: me aka sayar, me aka saro, wa aka ba bashi, me ya sa.

Faɗuwar ɗan ta farko a ƙiradin ba ta daɗe ba. Ya ga wani leshi da araha ya zuba rabin jarinsa, bai tambayi dalilin arahar ba. An daina yayinsa. Ƙaramar Sallah ta wuce kaya na nan, ya karyar da shi da faɗuwar kusan dubu arba'in. Uban ya ga leshin tun ranar da aka kawo shi, ya san abin da zai faru, ya haɗiye. Wata biyu yaron bai ga ko sisi ba. Ya nemi na mai wajen uwar, ta yi hawaye ta ce, "Ka yi haƙuri, na yi wa babanka alkawari." Ya ajiye mota ya koma hawa adaidaita sahu. A zaman Asabar uban ya tambaye shi abin da zai yi dabam, ya ce, "Baba, kafin in sayi kala sai na zaga wajen teloli na ga abin da mata ke kawowa." Ba wanda ya koya masa wannan.

## Yuni zuwa Yulin 2023: Alhaji yana Saudiyya

Kwanaki kaɗan kafin tashinsu, ranar 29 ga Mayu, shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Ranar 14 ga Yuni, Alhaji yana can, Babban Banki ya saki farashin dala na hukuma, ya tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 700 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin fiton kwastam da wannan farashi ake lissafa shi, ga kuɗin mota ya ninka, don haka masu shigo da kaya suka fara ƙari. An yi yarjejeniya da Alhaji waya sau ɗaya a mako, ranar Juma'a.

Makon farko yara suka yi ta sayarwa a tsohon farashi suna murna, ga Babbar Sallah ta matso, ta kama 28 ga Yuni. Da babban yaron ya je saro sai ya tarar kuɗin turmi goma ba ya sayo goma. A littafi riba aka ci, a sito kuwa kaya sun ragu. Bai jira Juma'a ba. Ya daina duba haruffan da ke jikin takarda, ya koma sa farashi bisa abin da za a saro yau. Kowace safiya kafin a buɗe shago yakan tura ɗan Alhaji ya zaga wajen manyan diloli uku ya jiyo farashi. Kuɗin da aka yi ciniki kuma ba ya barinsa ya kwana, a ranar yake mayar da shi kaya. Wasu tsofaffin abokan ciniki sun ji haushi, ɗaya ya ce bari Alhaji ya dawo. Ranar Juma'a ya faɗa wa maigidan abin da ya yi da dalilinsa, Alhaji ya ce ya ci gaba.

Ba komai ya tafi daidai ba. A ƙidayar mako ta huɗu ɗan ya lura kuɗin wata shadda ba ya dacewa da abin da wani mai saye ya ce ya biya. Yaro na tsakiya ne ke ƙara farashi yana soke abin da ya hau. Suka raba shi da karɓar kuɗi, suka bar maganar kora har maigida ya dawo, tunda wannan ba ya cikin iyakarsu.

Da Alhaji ya dawo a Yuli bai tambayi naira nawa ke asusu ba, turmi ya ƙirga. Kayan sito sun gaza abin da ya bari da kaɗan, kusan duk a dalilin makon farko. Bashin da ake bin mutane ya ragu. Babu alat na bogi ko ɗaya. Ya sallami yaro na tsakiya, ya bar sauran tsarin yadda yake.

## Yulin 2023 zuwa ƙarshen 2024

Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka. Mutanen Maraɗi da Damagaram suka yanke, bashinsu ya maƙale. Ɗan ne ya kawo shawarar ɗaukar hoton kaya a sa a WhatsApp, a aika ta tasha ga wanda ya biya. Uban bai gamsu ba, amma ya ce jarin ƙiradi nasa ne, ya gwada. Mata masu sayarwa a gida daga Gombe da Yola suka fara oda. Da maganar ta yi ƙarfi, dole ya je Gombe ya ga mutanen ido da ido. Wannan ce tafiyarsa ta farko shi kaɗai. An gindaya masa sharaɗi ya shiga mota a tasha, da safe, ya kira in ya sauka. Hajiya ba ta runtsa ba daren. Ya je ya dawo, kuma ya koma sau da yawa bayan nan.

A Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, dabarar sa farashi bisa sarin yau ta zama abin da ya riƙe shagon. A Maris aka buɗe iyaka. Babban yaron ya je Maraɗi karɓar bashi, yawanci suka biya, tunda bashin na naira ne kuma sefa ta yi tsada a kanta. Bayan Babbar Sallar 2024 Alhaji ya sallame shi da jari, ya buɗe nasa tebur, yana kuma ɗaukar kaya a sito yana biya. Ƙaramin yaron ya hau matsayinsa, aka koya masa haruffan tun makon farko. An ninka wa ɗan jarin ƙiradi, shi ke riƙe littafi. Alhaji kan zo da hantsi ya tashi da la'asar, wani lokaci yini guda ba a kira shi ba.

## Hukunci

Ɗan da yaran shago cuta ɗaya ta kama su, ko da yake ɗaya so ne ya jawo masa, sauran zargi. An raba su da bayanin da ake yanke shawara da shi, an kuma raba su da ɗanɗana sakamakon abin da suka yi. Babban yaron ba rashin basira ke damunsa ba. Wanda bai san uwar kuɗi ba babu yadda zai sallama kaya, ko da ya shekara talatin a shago. Dabarar da ya fito da ita a watan Yuni tana kansa tun da daɗewa, kwalin nan mai haruffa goma ne ya ba ta hanya.

Kallo ya gaza saboda babu abin da ya rataya a wuyan yaron, kuma kalmar "yaro ne, bai sani ba" a gaban baƙuwa ta yi ɓarnar da wata takwas ba su gyara ba. Sakin farko ya gaza saboda kuɗin sun fi ƙarfinsa, ba bayani, ba ranar lissafi. Mafi muni shi ne cike teburin da dare. Iyayen sun yi ne don tausayi, amma saƙon da ya isa ga yaron shi ne ba a ma ɗauke shi wanda za a tambaya ba. Faɗuwar dubu arba'in ta koya masa abin da ta ɗaruruwan dubbai ba ta koya ba, don ita ya ji ta a jikinsa, kuma ba ta kai ta karya shi ba. A ganina wannan auna girman faɗuwa shi ne aikin uba da na maigida, kuma shi ne abin da attajirin da ya raini Alhaji ya yi masa: shara, sannan dila, sannan Legas. Alhaji ya riƙe wahalar a ransa ya manta da jerin matakan.

Kada a manta da yaro na tsakiya. Sakin hannu ya ba shi damar cuta, wannan gaskiya ne, kuma tsoron Alhaji bai zama ƙarya ba. Amma ƙidayar mako ce ta kama shi cikin wata guda, abin da tsohon tsari ba shi da shi tunda mutum ɗaya ne ke iya karanta littafi. Haka ma tafiyar Gombe: haɗarin hanya bai gushe ba, an rage shi ne da sharuɗɗa. Kuma da Hajiya ba ta tsaya kan alkawari ba ranar da ya nemi na mai, da duk abin ya koma gidan jiya.

Gyaran bai kammala ba. Ɗan har yanzu yana jin nauyin tambayar bashi wajen sa'o'in babansa, ƙaramin yaro yake turawa. Alhaji kan sa baki a ciniki in babban baƙo ya zo. Fitar da kuɗi daga asusun shago kuma, har ƙarshen 2024, da sa hannunsa da wayarsa kaɗai ake yi, ko da yake liman ya yi masa maganar. In ya sake kwanciya yanzu za a sayar, za a karɓi bashi, amma ba mai iya biyan dila daga banki.